Ruwan Da Ya Rina Gemun Baba

Injiniya bai taɓa cin abinci a gaban surukinsa ba. Ko ruwa aka miƙo masa, sai ya juya baya ya kurɓa kamar mai shan magani a ɓoye. In zai gaishe shi, daga bakin ƙofa yake durƙusawa, idonsa a kan takalmansa, "ina kwananku" ɗin ma sai an kasa kunne ake ji. Matarsa Auta ta yi masa tsiya har ta gaji.

"Wai kai Baba zaki ne? Yaranmu har sun shiga makaranta, kai har yanzu kana raɓe-raɓe kamar wanda ya zo neman aure."

Shi dai sai ya yi murmushi. Haka aka tarbiyyantar da shi, kuma a ganinsa wanda ya ɗauki 'ya ya ba ka ya wuce ka haɗa ido da shi.

Mai gyaran wutar lantarki ne, yana da ɗan shago a bayan tashar mota. Sunan Injiniya ma Baba ne ya laƙa masa, tun ranar da ya gyara masa injin aski. Shi Baba mai aski ne, da almakashi da reza ya ci da iyalinsa. Shagonsa bai taɓa samun allon talla ba, gemunsa ne allon: fari fat, a taje, a daidaice, ba gashi ɗaya da ya fi ɗan'uwansa tsawo. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, 'yan matan duk aure ya kai su nesa sai Auta, matarsa kuma ta riga shi gidan gaskiya. Saboda haka da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi, ya tafi da hannun hagu da ƙafar hagu, ɗakin gaba na gidan Injiniya aka gyara masa. Tun daga ranar maigida ya koma shiga gidansa ta ƙofar baya.

Likita ya ce ƙafar za ta iya dawowa, amma sai da tafiya a cikin ruwa, inda jiki ba ya nauyi. Akwai gidan motsa jiki na masu jinya a ƙarshen titin asibiti, suna da kwamin ninkaya a rufe, motarsu ke zuwa ɗaukarsa da safe. Ruwan ya karɓe shi, sai dai kulorin ɗin da ake zubawa don tsabtace ruwan bai karɓe shi ba. Ya dawo idanu jajir, yana tari har sai ya dafe ƙirji, fatarsa tana ƙaiƙayi. Wata rana ya ce shi ya gama, gara ya zauna a keken guragu da ya mutu da tari.

Injiniya na ɗakin baya ya ji. Ya ce wa Auta, a hankali, akwai wata na'ura da ake sa wa kwami: sanduna biyu na jan ƙarfe gauraye da azurfa a cikin bututun ruwa, a ba su 'yar wuta, su riƙa narkewa kaɗan-kaɗan, abin da suka saki ya kashe gansakuka da ƙwayoyin cuta, sai a rage kulorin ya koma ɗan mitsitsi. Wa Auta kawai ya faɗa. To, amma maganar da aka faɗa wa Auta ai an faɗa wa Baba, wadda aka faɗa wa Baba kuma an faɗa wa gari. Kafin sati ya zagayo Baba ya titsiye manajan gidan, ya cika masa kunne da cewa yana da suruki wanda ko jirgin sama aka ba shi zai yi masa wayarin. Manaja ya sayo na'ura, aka kira Injiniya.

Ranar da ya zo da akwatin kayan aikinsa, Sista ce ta tare shi. Ita ke koya wa marasa lafiya tafiya a ruwa, mace mai jiki da murya, wadda tsofaffin nan ke tsoro fiye da allura.

"Kai ne surukin Mai Aski? Mun sha labarinka har ya ishe mu. Zo ka ga kwamin."

Ya bi ta har bakin ƙofar. A nan ya ga hular Baba a rataye, ga rigarsa a ninke a kan benci, ga takalmansa, na hagu ya ci ta gefe. Daga ciki kuma ga muryar Baba tana tashi, yana musu da wani. Wato yana can cikin ruwa, daga shi sai gajeren wando. Injiniya ya ji ƙafarsa ta ƙi gaba. Ya ga surukinsa a tuɓe? Ina! Ai gara ya kama waya mai wuta da hannu.

"Sista, ba sai na shiga ba. Aikina duk a ɗakin inji yake."

"Ba ka son ganin ruwan da za ka yi wa aiki?"

"Ruwa ai ruwa ne."

Ta ɗaga kafaɗa, ta nuna masa hanya. Ɗakin inji yana da ƙofarsa daban ta bayan gini, kusa da inda ake ajiye shara. Ɗaki ne mai zafi, da injin tura ruwa yana gurnani, da tukunyar tace ruwa, da bututai masu gumi. Bango ɗaya ne tsakaninsa da kwamin, har ana jin fantsamar ruwa da tsawar Sista. A jikin bangon an kafa wani tsohon farantin ƙarfe, an zana girman kwamin a kai: tsawo mita goma sha biyar, faɗi mita takwas, zurfi mita biyu da rabi. Injiniya ya goge ƙurar da hannun riga, ransa ya yi fari. Ga duk abin da yake nema, ba sai ya leƙa ko'ina ba.

Lissafin ba wuya, kuma yana son sa. Tsawo sau faɗi sau zurfi, ya ba shi lita dubu ɗari uku. Kowace lita dubu tana son kamar kashi uku cikin goma na giram na jan ƙarfe, duka-duka giram casa'in ke nan. Wuta kuma ba ta ha'inci: amfiya ɗaya, wato ma'aunin ƙarfin wuta, in ta yi awa ɗaya tana ratsa sandunan, giram ɗaya da 'yan kai take narkarwa. Ya raba, ya duba awannin da injin ke aiki a wuni, ya ga in ya sa na'urar a amfiya uku, cikin 'yan kwanaki ruwan zai ƙoshi, daga nan sai ya rage ta zuwa abin da zai riƙa cike gurbin wanda ke fita kullum. Ya sake bi daga ƙasa zuwa sama, bai ga kuskure ba. Ya yanka bututu, ya ɗaura sanduna, ya ja waya tsaf kamar an sa rula an daidaita, ya murɗa, allurar mita ta tsaya cak a kan uku.

A cikin kwalin na'urar akwai 'yar kwalbar gwaji. A ɗebo ruwa daga cikin kwamin, a ɗiga magani, a duba kalar da ya ba da. Injiniya ya juya ta a hannu, ya jefa a akwatinsa. Da safe maza ne a ruwan, har da Baba. Da rana mata ne, namiji ba ya shiga. Da yamma a kulle. Ko cewa ya yi a ɗebo masa a kofi ai da an huta. To, lissafin ya yi masa kyau a ido, kuma mutum in lissafinsa ya yi masa kyau ba ya son a tambayi ruwa.

Abu kuwa ya yi kyau, ba ƙarya. Ruwa ya yi garau. Tarin Baba ya tsaya, idonsa ya washe. Ya fara tashi daga keke ya kama sanda, daga gado zuwa taga, daga taga zuwa ƙofa. Ran da ya taka har tsakar gida, Auta ta saki murfin tukunya ta fashe da kuka. Baba kuwa bakinsa bai zauna ba. Mai kawo madara, mai karanta mitar ruwa, maƙwabcin da ya leƙo aron tsani, kowa sai ya ji cewa surukinsa ne ya gyara ruwan da likitoci suka kasa. Injiniya na jin haka daga ɗakin baya, kunya da daɗi suna kokawa a cikinsa. Lokaci-lokaci yakan bi ta bayan ginin ya duba mita, ya goge sanduna, ya fita ta inda ya shigo. Sista ta aiko masa cewa ya zo ya gwada ruwa. Ya ce yana tafe. Ta sake aikowa. Ya ce in sha Allahu.

Auta ce ta fara lura. Tana taje wa Baba gemu da safe, ta ga kamar wani duhu-duhu a bakin gashin. Ta zaci tawul ne ke zuba, ta canja tawul. Ta zaci sabulu ne, ta canja sabulu. Duhun ya ƙi tafiya, sai ma ya fito da kalarsa. Gemun Baba, farin nan da gari ya sani, ya koma kore. Ba kore mai haske ba, irin na tsohuwar tukunyar jan ƙarfe da aka manta a bayan ɗaki.

A kwamin akwai wani abokin musunsa, Tsohon Direba, wanda kansa sanƙo ne fes, haɓarsa kuma ko gashi ɗaya babu, don haka ruwa bai samu abin kamawa a jikinsa ba. Shi ya buɗe kasuwar.

"Mai Aski, yaushe ka fara noman rani a haɓa?"

Aka kwashe da dariya.

"Ka bari ya ɗan ƙara tsawo, ina da akuya."

Wasu tsofaffin ma furfurarsu ta ɗan sauya, amma nasu a kai ne, hula na rufewa. Na Baba kuwa a gaba yake, shi ke fara shiga ɗaki kafin mai shi. A gida jikokinsa suka ce Kaka ya zama aku. A masallaci yara suka riƙa leƙowa ta ƙarƙashin hannun iyayensu. Manaja ya tambaye shi ko dai na'urar surukinsa ce, Baba ya hau shi da faɗa, ya ce magungunan asibiti ne, ai an ce suna canja gashi, kada wanda ya sa masa yaro a ciki.

Wannan ita ta fi kashe Injiniya. Tun ranar da Auta ta ce masa kore, ya sha jinin jikinsa. Ya san kalar nan, kullum yana ganinta a bakin tsohuwar waya. Jan ƙarfe ne ya yi yawa a ruwan. Ya je ɗakin inji ya kashe na'urar, ya zauna a kan bokiti ya sake lissafi. Daidai. Ya gwada mitar da tasa, lafiyarta lau. Ya sake lissafi. Daidai dai. Ya dawo gida ya kasa cin abinci, ya ce wa Auta ta gwada ruwan lemon tsami. Ta matse, ta cuɗa, ta wanke. Koren ya ragu, amma abin da ya bari ya fi muni, wata kala kamar ruwan wanke-wanke.

Washegari da safe Baba ya ce a miƙo masa tsohuwar jakar aikinsa, ya ce kowa ya fita, ya tura ƙofa. Injiniya na tsaye a tsakar gida da takalmi ɗaya a ƙafa. Ya ji ƙarar almakashi. Daga baya ya ji reza tana bin fata, ƙar, ƙar, sai ta tsaya, sai ta ci gaba. Aski hannu biyu yake so, ɗaya ya ja fata, ɗaya ya bi da reza, Baba kuwa ɗaya gare shi. Mutumin da bai taɓa yanka kunnen yaro ba duk tsawon sana'arsa, ya buɗe ƙofa da jini a wuri uku.

Fuskar da ta fito ba wanda ya san ta. Auta kanta ba ta taɓa ganin haɓar ubanta ba. 'Yar ƙarama ce, ta lotsa, kuma bakin da ciwo ya karkatar, wanda gemun ke rufewa duk wannan lokaci, ya fito fili, gefe ɗaya a zube. Yaran da ke cewa aku suka yi tsit. Baba ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya koma ciki. Da motar gidan motsa jiki ta zo ta yi ham, ya ce a ce musu ya gode.

Bai sake fita ba. Ba ruwa, ba masallaci, ba ko tsakar gida. Sandar ta koma jingine a bayan ƙofa, keken guragu ya dawo bakin gado. Sista ta bugo wa Auta waya, muryarta har tsakar gida ana ji: ƙafar nan ba ta jira, in ta sandare a wannan karon, ba lallai ta sake saki ba. Auta ta yi lallashi, ta yi kuka, ta yi fushi. Daga ƙarshe ta juyo kan mijinta.

"Kai dai faɗa min gaskiya. Na'urarka ce?"

"Ita ce."

"To me ya faru?"

"Wallahi ban sani ba. Lissafin daidai yake."

"Lissafin daidai, gemun ubana a kwandon shara!"

Kunya ta hana shi bin ko ta gaban tagar Baba, sai ya zagaya ta bayan tankin ruwa.

Abin haushin shi ne, yanzu da Baba ba ya zuwa, ba abin da zai hana shi shiga wurin kwamin. Ya ɗauki 'yar kwalbar gwaji, ya je da safe, ya tura ƙofar da ya ƙi turawa tun farko. Ɗumi da ƙamshin ruwa suka doke shi. Layin da ke tsakanin tayil duk ya yi shuɗi-shuɗi. Amma ba wannan ya tsayar da shi ba. Tsofaffi ne a tsakiyar kwamin, a tsaye. A tsaye da ƙafafunsu, suna dafe da ƙarfe, ruwa iya ƙirji. Har can ƙarshe, inda ya kamata mutum ya nutse har da hannunsa a sama, ga Tsohon Direba, gajere da shi, yana tsaye yana sosa sanƙo.

"Sista," in ji shi, "zurfin nan nawa ne?"

"Mita ɗaya da ɗan ɗoriya. Da can na masu ninkaya ne, da aka mayar da shi na marasa lafiya aka cike ƙasan da kankare. Wa zai jefa mai shanyayyiyar ƙafa a ruwan da ya fi ƙarfinsa?"

Ko rabin ruwan da ya yi wa lissafi babu. Duk wannan lokaci yana ɗura wa rabin kwami abincin cikakken kwami, kullum yana ƙara masa. Ya durƙusa ya ɗebi ruwa, ya ɗiga magani, kalar ta wuce duk waɗanda ke jikin takardar gwajin. Kallo ɗaya, wallahi kallo ɗaya daga bakin ƙofa ya isa ya nuna masa wannan tun ranar farko. Yaron da bai san amfiya ba ma zai gani.

Tsohon Direba ya hango shi. "A'a, kai ne mai gonar? Ina abokina? Ka ce masa wasa nake, ruwan ba daɗi ba shi."

Injiniya ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ya je ya sami Manaja ya faɗa masa komai, bai rage ba. Aka zubar da fiye da rabin ruwan, aka cika da sabo, aka goge tayil. Ya sa sanda ya auna zurfin da hannunsa, a gefe da tsakiya, ya sake lissafi, wutar da ta fito ko rabin ta da ba ta kai ba. Ya gwada ruwa, ya sake gwadawa washegari, sai da kala ta zauna inda ake so. Wannan duk mai sauƙi ne. Mai wuyar tana ɗakin gaba na gidansa.

Ya je bayan la'asar. Ya yi sallama, ya durƙusa a bakin ƙofa inda ya saba. Baba na kan keke, ya juya wa taga baya, ya ja mayafi har hanci.

"Baba, ba magani ba ne. Ni ne."

"Na sani."

"Na yi lissafi da zurfin da ke rubuce a ɗakin inji. Ashe an cike kwamin. Ban… ban taɓa shiga na gan shi ba."

Baba ya ɗago. "Ba ka taɓa shiga ba? Duk zuwan da kake yi?"

"Ban taɓa ba."

"Me ya hana ka?"

Injiniya ya dubi takalmansa. Gumi ya bi ta bayan kunnensa. Da ƙyar ya ce, "Kuna ciki."

Daga tsakar gida ana jin Auta tana kwashe kwanuka a hankali don kada ta rasa kalma. Sai Baba ya sauke mayafin, karkataccen bakin ya fito.

"Ina jin ka ai. Bango ɗaya ne. Na san tarinka, na san yadda kake ajiye akwati. In na ji ka shigo sai in ce wa Direba, ga yarona nan, yanzu zai leƙo. Sai in gyara tsayuwa, in saki ƙarfen, don ka ga inda ƙafar ta kai. Sai in ji ka ja ƙofa ka tafi." Ya haɗiye miyau, abin da yanzu sai ya yi da ƙoƙari. "Ƙarti biyu ke saka ni a ruwan nan, su fito da ni. 'Ya'yan wasu. Su ke cire min riga, su ke goge min baya. Tun ina cewa aiki ya yi maka yawa, har na daina faɗa. Na ce to, yaron nan ƙyamar jikin nan yake, ba ya son ganin yadda na koma. Ban ga laifinka ba. Ni ma ba na son gani."

"Subhanallahi! Baba, wallahi kunya ce. Kunyarku nake ji."

"Kunya." Baba ya jinjina kalmar. "Ka ba ni ɗaki, ka koma shiga gidanka ta baya kamar ɓarawo. Ka gyara min ruwa ta bayan bango. Ni ban haifi namiji ba, Injiniya. Da wannan kunyar taka zan dafa in tashi?"

Injiniya bai san lokacin da hawaye ya zubo masa ba. Duk shekarun nan yana ganin girmamawa yake yi, ashe tsohon nan yana can yana ƙirga ta a matsayin gudu. Wannan kunyar ta fi ta gemun, ta fi ta lissafin, don waccan a gaban mutane ce, wannan kuwa a gaban kansa. Ya ɗago kai, karo na farko tun da ya auri Auta, ya dubi surukinsa a ido. Idanun ƙanana ne, masu ruwa-ruwa, kuma irin na Auta ne sak. Bai taɓa sani ba.

"Ruwan ya gyaru, Baba. Ku koma. Don Allah."

"Da wannan fuskar?"

"Ni zan kai ku."

"Har bakin ƙofa, ka zagaya baya."

"Har ciki."

Da safe bai jira motar gidan ba, ya samo tasi. Shi ya ɗaga Baba daga keke, ya ji ashe ba nauyi, kamar buhun da aka ci rabi. A ɗakin canja kaya ƙartin nan biyu suka taso, ya ce su bari. Ya cire wa Baba hula, ya rataye. Ya zare masa riga ta hannun dama tukuna, Baba ya ce yauwa, mai lafiyar ake fara cirewa in za a tuɓe, marar lafiyar ake fara sawa in za a saka, to daidai ka yi, ci gaba. Sannan ya juya baya ya cire tasa rigar. Gajeren wandon da Auta ta samo masa na ƙwallon ɗansu ne na makaranta, ya matse shi, ƙafafunsa sirara sun fito kamar na zalɓe.

Suna shiga Tsohon Direba ya buɗe baki zai yi magana, ya ga haɓar Baba, ya rufe. Sai idonsa ya sauka a kan Injiniya.

"La ilaha illallahu! Mai Aski, wannan ne mai wayarin jirgin sama? Ai shi ya kamata Sista ta fara yi wa aiki!"

Dariya ta tashi, duk ta koma kan ƙafafun Injiniya, ba wanda ya sake duban haɓar kowa. Har Baba sai da gefen bakinsa mai lafiya ya motsa. Injiniya ya ji kunnuwansa kamar za su kama da wuta, amma ya bar su su yi, in dai a kansa ne.

Ya fara sauka matakalar, ya juyo, ya miƙa hannu. Baba ya ɗora hannun dama a kafaɗarsa, fata a kan fata, ya damƙe. Ƙafar hagu ta yi tauri, sai da Injiniya ya sunkuya ya ɗago ta da hannunsa ya ajiye a mataki na gaba. Suka sauka a hankali har ƙasa. Sista ta naɗe hannu tana kallo, yau ba tsawa.

"Injiniya."

"Na'am, Baba."

"Ina ruwan ya kawo maka?"

"Ƙirji, Baba."

"To ka riƙe wannan a lissafinka." Ya ƙara damƙe kafaɗar. "Kada ka kalli ƙasa, ni za ka kalla, in ba haka ba tare za mu faɗi. Muje."

Injiniya ya ja da baya taki ɗaya, idonsa a cikin na surukinsa. Baba ya ciji leɓe, ya jawo ƙafar hagu, ta biyo.